Ranar da Inna Ta Kaɓe Ƙoƙon Baffa Isa

Kakata ba ta yarda da kowa ba, kuma ni na gado ta. Inna muke ce mata, yadda babanmu yake kiranta. Ita kuwa Uwata take ce mini, don sunan mahaifiyarta aka sa mini, sauran mutanen gida suna ce mini Uwani. Ko masunci ya rantse yanzu ya fito da kifi daga ruwa, sai ta danna cikinsa da yatsa ta shinshina. In baƙo ya yi sallama ta tambaye shi ɗan wane ne, bayan ya tafi ta aika a tambayo mata ko gaskiya ya faɗa.

Ƙauyenmu yana bakin tafkin Kainji, ta wajen Wara. Ba nan aka haifi Inna ba. Garinsu na asali yana ƙarƙashin ruwa tun lokacin da aka datse kogi, da gidajensa da itatuwansa da kaburburansa. Sana'ar matan gidanmu bandar kifi ce. Da an idar da magariba sai a jera tarwaɗa a kan raga bisa murhu, a danne wutar da ɗanyen itace don ta ba da hayaƙi, mu jikoki mu kewaye. Aikinmu juya kifi da korar kyanwa, ladanmu tatsuniya. Inna ba ta farawa sai ta tambayi kunnuwa nawa ne a wurin. Mu ƙirga, wanda ya ɓata lissafi ya tashi ya ƙaro itace. Sannan ta gyara zama a kan kujerarta ta ce ga ta nan ta taho, mu matsa mu ba ta wuri. Kafin a kira isha'i an gama, kowa idonsa ja saboda hayaƙi.

Shekarar da nake tara, tatsuniya ɗaya ta riƙa maimaita mana, kuma shekarar ce Baffa Isa ya dawo.

Baffa Isa ƙanen babanmu ne, autan Inna. Ina goye iska ta kife da jirginsu a tsakiyar tafki, shi da wani abokinsa. An tsinci jirgin, an tsinci gawar abokin, tasa ba a gani ba. Aka yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Abin da kowa ya sani a gidan amma ba a maganarsa shi ne Inna tana yi masa kiranye. Kullum kafin rana ta fito takan sa bakinta cikin tulun da ba ruwa ta kira sunansa sau uku. Babanmu ya ce mata ba kyau, ta ce ta bari. Ni da nake kwana ɗakinta na san ba ta bari ba.

Sai ga shi ran wata kasuwar Wara, ya sauko daga mota da ƙullin kaya a hammata. Ya ce wasu masunta ne suka tsamo shi, ya kasa dawowa ya haɗa ido da uwar abokinsa, ya bi su kudu, shekara ta bi shekara. Babanmu ya rungume shi yana kuka, aka yanka akuya, gida ya cika. Inna kuwa ta tsaya ta dube shi tun daga kai har ƙafa, ta ce ya naɗe ƙafar wandonsa ta ga tabon ƙugiyar da ta taɓa kama shi a ƙwauri. Tabo yana nan. Ta yi hamdala, ta shige ɗaki, ba ta fito ba sai la'asar.

Daga nan na sa masa ido, don na ga Inna ta sa masa. Mutumin ba ya barci, da safe tabarmarsa a naɗe take kamar ba a kwanta a kai ba. Ba ya shiga jirgi, ko bakin ruwa ba ya son zuwa. Hayaƙin banda da ke sa mu hawaye, shi sai ya zauna a cikinsa yana kallon wuta. Inna da kanta take dafa masa abinci, ta zaɓa masa tsokar giwan ruwa, ta zauna tana kallonsa har ya haɗiye lomar ƙarshe. Ni a wurina gadi ne take yi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne jiƙo. Inna tana da tulun jiƙon maɗaci a bayan ƙofarta, kuma ba wanda ya tsira daga gare shi. Ka yi atishawa sau biyu, ta matse maka hanci ta ɗura. Har 'ya'yan maƙwabta ana kawo mata. Baffa Isa ya yi wata biyar yana tari a gabanta, ko ɗigo ba ta ba shi ba.

Ga tatsuniyar, yadda na riƙe ta.

A wani gari na bakin kogi an yi wani ɓarawo mai ƙaho uku na asiri. In ya hura na farko, gari ya yi barci har karnuka. In ya hura na biyu, tsoro ya kashe ƙafafun duk wanda ya ji. Na uku kuwa yana sa ka miƙa masa kayanka kana dariya. Ya kwashe rumbunan shinkafa har mutane suka fara cin dusa. Sai wata tsohuwa maginiyar tukwane ta kwaɓa yumɓu ta gina ƙaton mutum, ta gasa shi, ta raɗa masa aiki ɗaya tak a kunne, ya tsare rumbu. Ɓarawo ya zo ya hura ƙahon barci, gari ya kwanta, ƙato yana tsaye. Ya hura na tsoro, ya hura na uku har kumatunsa suka yi ciwo, ƙato ya damƙo shi ta wuyan riga. Da ƙyar ya zame ya gudu, ya bar ƙahonin a ƙasa.

A nan Inna takan tsaya ta nuna mu da tsinken juya kifi. "Asiri ta hanci shika shiga, shi sauka zucciya. Abin da bai da numfashi, bai da zucciya, ta ina za shi shiga?"

Ɓarawo ya fusata, ya nutsa inda ruwa ya rufe kaburbura, ya tayar da wani mamaci ya turo shi. Mamacin ya fito jiƙe sharkaf, ya kama ƙaton yumɓu da kokawa har ya ɓalle masa hannu. Mutanen gari suka ɗauko ƙahonin ɓarawo suka hura masa ɗaya bayan ɗaya, ko gezau, don wanda ya mutu ya gama barcinsa ya gama tsoronsa. Suka harbe shi da kibiya mai dafi, ba jinin da zai ɗauki dafin. Sai jikanyar maginiyar ta ga yana rawar sanyi, tausayi ya kama ta, ta ɗebo jiƙon masassara a ƙoƙo ta miƙa masa. Ya karɓa ya sha, ya narke nan take kamar gishiri a ruwa. Abin da ke warkar da mai rai, in ji Inna, shi ke gamawa da matacce. Hannun ƙato kuwa duk maganin da aka shafa bai kama ba, sai da tsohuwa ta kwaɓo sabon yumɓu ta liƙa. Daga nan Inna ta kakkaɓe zaninta ta ce ta sauke, mai ɗauka ya ɗauka.

Mu ba mu cika barinta ta sauke lafiya ba. Tambayoyi muke jero mata, muna neman inda za ta yi tuntuɓe. Wuta fa, tana cin ƙaton? Ta ce ƙarfi take ƙara masa. Ruwa fa? Ta ce sai in an yi rowar itace wajen gashi. Maye zai iya kama shi? Ta ce maye kurwa yake ci, tulu kuwa ba shi da kurwa. Kambun baka yana kama mamaci? Ta ce me ya rage masa da za a lalata. Ba ta taɓa saɓa wa kanta ba, amsar da ta ba da jiya ita za ta ba da gobe, kuma wallahi na gwada ta sau da yawa.

Rannan na tambaye ta kiranye fa. In aka yi wa wanda ya mutu, yana amsawa? Baffa Isa yana zaune can gefe a kan turmi. Inna ta dube ni, ta dubi wuta, ta ce kifi na ƙonewa in juya shi. Kifin ko zafi bai gama ɗauka ba.

Na kwana biyu ina haɗa abu da abu. Tsoro nake ji, ba ƙarya, amma abin da ya fi tsoron shi ne haushin a ce akwai abin da ake ɓoye mini. Inna ta kira, wani abu ya amsa, kuma ita da kanta ta koya mana yadda ake ganewa. In manya sun kasa, to ni zan yi.

Da yamma aka dama kunun tsamiya, aka ce in kai wa Baffa nasa a bakin murhu. Na biya ta bayan ƙofar Inna na tsiyaya jiƙo a ciki, na juya da yatsa. Wautar yaro, na manta maɗaci ba ya ɓuya. Kowa yana wurin, babanmu ma ya dawo daga masallaci ya tsaya yana magana da Inna. Baffa ya kai ƙoƙon baki, ƙamshin ya doke shi kafin ya kurɓa.

"Uwani, mi kika zuba ciki?"

"Jiƙon Inna ne. So nike in gani ko za ka narke."

Ya yi dariya. Ya dubi babanmu don su yi tare, babanmu ya sunkuyar da kai. Ya dubi matan gida, kowacce ta sami abin yi da hannunta. Sai dariyar ta tsaya masa. Ashe ba ni kaɗai nake ƙirga barcinsa ba, ni ce dai kawai mai bakin faɗa. Ya juya wajen Inna ya ce to, bari ya sha mu gani, ya ɗaga ƙoƙon.

Inna tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, sai an ba ta hannu take tashi. Ban ga tashinta ba. Na dai ga ta tsallake itace, ta kaɓe ƙoƙon da bayan hannu, kunu ya watsu cikin wuta ya yi cuu, toka ta tashi. Ɗaya hannun nata ya damƙe gefen rigarsa, irin damƙar da ake yi wa wanda aka kama da kayan sata.

Baffa Isa ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce, a hankali, "Inna, har da ke?"

Ba ta saki rigar ba. Sai da ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya kafin ya sami tafiya. Kasuwar Wara da ta kewayo ya ɗauki ƙullinsa. Babanmu ya bi shi har bakin hanya yana ba shi haƙuri, ya ce ba zai zauna inda uwarsa take ganinsa gawa ba. Ni na sha bulala a ranar, ban kuma yi kuka don zafi ba, don kunya na yi. Inna ba ta yi mini faɗa ba, ba ta sake ba da tatsuniyar nan ba, ba ta kuma sake taɓa tulun kiranye ba. Baffa ya zauna a wajen Shanga yana gyaran koma, ya yi aure can. Da Inna ta rasu ya zo ran sadakar uku, ya zauna waje cikin maza, bai shiga gida ba, kafin magariba ya juya.

Shekara da shekaru abin da na ɗauka ke nan, cewa rashin yardar Inna ya kai har ga ɗan da ta haifa. Na girma na yi aure a Yelwa, ina sayar da busasshen kifi, in muka haɗu da Baffa wajen biki ko rasuwa ya amsa gaisuwata a taƙaice. Ban ga laifinsa ba.

Hutun da ya wuce ɗana Nasiru ya dawo daga makaranta da wani wasa. Da la'asar sai su shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mangwaro, an zana taswira a kai, su jera marafan kwalba a matsayin mutane, suna jefa wasu 'ya'yan lido masu fuska da yawa. Shi da ƙanwarsa Rabi, da Bitrus ɗan maƙwabtanmu. Na ce caca ce aka canza wa riga. Na bincika, ba abin da ake sawa. Sai kuma na ji ana ambatar matsafi da gawa, na ce yawwa, an zo wurin. Na ɗauko faifai da shinkafa na zauna kusa kamar tsinta nake yi, kunnena yana wajensu.

Ashe tatsuniya ce ake yi da hannu da yawa. Nasiru ne mai ba da labari, sauran kowa yana da mutuminsa a ciki, ya faɗi abin da zai yi, a jefa ɗan lido a ga ko ya samu. Akwai littafi a wayar Nasiru da ke yanke hukunci in an yi gardama, kuma gardamar ba ta ƙarewa. Ranar sun shiga wani kango, wani mutum-mutumin dutse ya tare musu ƙofa. Rabi ta ce za ta jefa masa sihirin barci. Kafin Nasiru ya duba waya bakina ya suɓuce na ce ba zai kama ba, ai ba shi da numfashi. Suka juyo gaba ɗaya. Nasiru ya duba ya ce haka ne, barci da tsoro da ruɗin zuciya da dafi duk ba sa kama abin da aka ƙera, ba sa kama gawar da aka tayar, kuma in ya fashe magani ba ya gyara shi sai maƙeri. Ya tambaye ni ko na taɓa masa waya. Na ce kakata da ba ta san bihim ba ta riga littafinsa.

Na ci gaba da tsinta. A cikin labarin nasu, mutumiyar Rabi tana da wa wanda ya faɗa rami aka fid da rai da shi, daga baya ya dawo yana bin su, ba ya magana sosai. Nasiru ya ƙi gaya musu ko da ransa ya fito ko matsafi ne ya tayar da shi. Bayan sun karya mutum-mutumin duk sun jikkata. Bitrus shi ne mai magani a cikinsu, ya ce zai saki hasken waraka wanda ke game duk wanda ke cikin ɗakin. Nasiru ya tuna masa dokar, hasken yana warkar da mai rai, yana ƙone gawar da aka tayar. Bitrus ya ce ai shi ke nan ma, sun huta da zargi, yanzu za a san ko wane ne yake bin su. Ya ɗauki ɗan lido zai jefa.

Rabi ta kife tafin hannunta a kan nasa. Yarinya 'yar shekara sha huɗu, a kan marfin kwalba, amma ta ƙi barinsa ya jefa.

"Ban son sani. Ko mene ne shi, ku bar mini shi haka."

Faifan ya zame daga cinyata, kaji suka taru. Nasiru ya tambaya ko lafiya, na ce su ci gaba da wasansu. Na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba ran da aka binne Inna. Ni duk shekarun nan ban kuskure rabin farko ba, Inna tana zargi, ita ta yi kiran kuma ba ta san me ya amsa ba. Rabin na biyu ne ban gani ba. Tatsuniyar da nake ɗauka umarni ce gare mu, ashe tsoronta take faɗa da baki kullum, tana tuna wa kanta abin da ba za ta taɓa ba shi ba. Ta zaɓi ta zauna da shakka har ta mutu a kan ta rasa shi karo na biyu, ni kuma na zo da ƙoƙo na tilasta mata nunawa a gaban mutane.

Kwana uku bayan nan na hau mota zuwa Shanga, kabu-kabu ya ƙarasa da ni. Na sami Baffa Isa a gindin wata tsamiya, koma a kan gwiwarsa, gemu duk fari. Ya amsa sallama, ya tambayi mutanen gida, sannan ya tambayi wa ya aiko ni. Jininmu ne, ba a zuwa haka nan. Na ce ba kowa. Na nemi gafararsa a kan kunun, na kuma kwashe labarin wasan yaran na gaya masa. Bai ɗago ba.

"Wasan yara ne za shi gaya miki abin da ke cikin zucciyar Inna?"

Na ce ba ni da shaida, Inna ba ta taɓa faɗa mini ba, kuma mai yiwuwa ne ina neman sauƙi ne wa kaina. Amma ya duba da kansa. Wata biyar tulun jiƙo yana bayan ƙofarta, ita ke dafa masa abinci da hannunta. Da so take ta rabu da shi, ɗigo ɗaya a miya ya ishe ta, ba wanda zai sani. Na ce masa kuma wanda ake kora ba a riƙe masa riga.

Ya ci gaba da ɗaure zare. Ya yi ƙulli uku ko huɗu, na huɗun ya kwance ya sake. Can ya ce shi duk zamansa a nan yana ganin ta riga ta binne shi ne, ya dawo ya dame ta. Wata mata ta leƙo daga cikin gida ta koma.

Sai ya tambaye ni kabarinta, ko ruwa yana kaiwa wurin in tafki ya cika. Na ce a'a, a kan tudu yake, bayan gonar gero.

"Ban san wurin ba," ya ce.

Na ce ni na sani. Ya naɗe komar ba tare da ya gama gyaran ba, ya ƙwala wa matarsa kira ta miƙo masa takalmansa da hula.